Wa'adi Ya Cika, Matakala Na Nan: Inda Ake Rufe wa Masu Nakasa Ƙofa

A watan Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa, bayan shekaru ana kai ruwa rana a kanta tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa. Dokar ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara kansu yadda gurgu da makaho da kurma za su iya shiga su biya buƙatarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma ko banki ko babban asibiti daga lokacin zuwa yau ya san abin da ya gani: matakala na nan inda take, ofishin da ake nema yana hawa na biyu, ƙofar banɗaki kuwa ko mai ƙiba sai ya karkace kafin ya shiga.

Idan aka tambayi dalili, amsa biyu ake bayarwa: babu kuɗi, ko mutane ba su da tausayi. Ta biyun ba gaskiya ba ce. Tausayi muna da shi har ya yi yawa. Mai keken guragu ya tsaya a gindin matakala, kafin ya buɗe baki samari huɗu sun ɗaga shi da kekensa sun dire a sama, suna ta yi masa sannu. Matsalar ita ce ma'aikatunmu sun jingina da wannan tausayin, sun mayar da shi tsarin aiki. Shigar mai nakasa ta zama alfarma: ta dogara da halin mai gadin da ke bakin ƙofa ranar, da ko akwai majiya ƙarfi a kusa, da ko matar da ta zo za ta yarda maza su ɗaga ta. Ran da aka sauya mai gadi, an sauya manufar ma'aikatar ke nan. Abin da nake so in nuna shi ne, ba a bakin ƙofa ake hana mai nakasa shiga ba. Tun da daɗewa aka hana shi, a kan wani tebur, ranar da wani ya sa hannu a zanen gini, ko takardar kwangila, ko fom ɗin ɗaukar aiki, kuma babu wanda ya tuna da shi.

A ɗauki banki. Ƙofar tsaron nan mai kama da akurki, wadda mutum ɗaya ke shiga ta rufe kafin ta gaba ta buɗe, an sayo ta ne saboda 'yan fashi, kuma dalili ne mai ƙarfi. Amma keken guragu ba ya shiga cikinta, mai sandunan ƙarfe kuma na'urar za ta yi ta cewa ya fita ya ajiye ƙarfen da ke jikinsa, alhali ƙarfen ne ƙafarsa. Sai mai gadi ya ce, “Alhaji, ɗan jira a nan, bari in kira maka ma'aikaci.” A kawo masa fom waje, ya cike a kan cinyarsa cikin rana, a ƙirga masa kuɗinsa a idon masu wucewa. An biya masa buƙata, haka ne. Sai dai sirrin da kowane mai ajiya ke samu a kanta shi bai samu ba, kuma ƙofar da aka yi don tsaro ta bar shi a inda ya fi kowa fuskantar haɗari. Mai gadin ba shi da laifi. Wanda ya rubuta irin ƙofar da za a saka a dukkan rassa, bai ƙara layi ɗaya da ke cewa a yi ƙofar gefe mai faɗi wadda ke buɗuwa a lokutan aiki ba, shi ne ya yanke hukuncin.

Zancen kuɗi kuma yana buƙatar lissafi, don a nan ne ake ruɗar mutane. Ƙa'idar da masu zanen gini suka sani ita ce gangaren da keke zai hau kada ya wuce tsayin 1 cikin tsawon 12: duk tashin mita ɗaya yana buƙatar shimfiɗar mita 12. Gine-ginenmu ana ɗaga fandishonsu saboda ruwan damina. Idan daɓen ya tashi santimita 60 daga ƙasa, gangaren zai ci mita 7 da ɗoriya. In tun a takarda aka sa shi, abu ne mai sauƙi, sai a kwantar da shi a jikin bango, ko a cike harabar ta tashi a hankali har bakin ƙofa. Rahoton duniya kan nakasa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya ce a sabon gini, cika ƙa'idojin nan baki ɗaya yakan ƙara kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai a kan kuɗin aikin. Amma in an gama gini, an haƙa kwata a gaba, an ja katanga, an yi wurin ajiye motar oga, ina za a samo mita 7? Sai a kira birkila ya zuba siminti na mita biyu a gefen matakala, a lulluɓe shi da tayil mai santsi don ya dace da adon ginin, babu ƙarfen riƙewa. Mai keke ba zai iya tura kansa sama ba, in kuwa ya gwada saukowa shi kaɗai, sai Allah ya kiyaye. Ƙarshenta masu babur ne ke morar sa, suna hawa da mashin su ajiye a baranda. An kashe kuɗi, an ɗauki hoto, an rubuta a rahoto cewa an yi, kuma ba a yi ba.

Masu rubuta dokar sun gane wannan. Shi ya sa suka sa cewa kafin a fara ginin da jama'a za su riƙa shiga, dole hukumar da ke amincewa da zane ta duba ta tabbatar ya cika ƙa'ida, kuma jami'in da ya amince da zanen da bai cika ba yana fuskantar tarar naira miliyan ɗaya ko fiye, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun. A ganina wannan sashen ya fi duk sauran nauyi, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Akwai kuma abin da kwafo ƙa'ida daga Turai ba ya kamawa. Ma'aunin ƙasashen waje an yi shi ne da keken asibiti mai ƙafa huɗu a zuciya. A Kano da Katsina da Zariya, yawancin waɗanda shan inna ta taɓa keke mai ƙafa uku suke hawa, wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda ƙungiyar masu shan inna ta Kano ke ƙerawa a wurin waldarta. Ya fi na asibiti tsawo, juyawarsa na son fili, kuma sau da yawa a waje ake barin sa mutum ya ƙarasa ciki da rarrafe, da silifa a tafin hannu. Ga wannan mutumin, tambayar ba faɗin ƙofa kaɗai ba ce. Daɓen banɗakin a bushe yake ko a jiƙe? Famfon alwala hannunsa zai kai? Tagar da ake karɓar kati a asibiti, in yana ƙasa, ma'aikacin zai ma gan shi? Babu littafin ƙa'idar da zai gaya wa mai zane waɗannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a cika gayyatar sa ba sai ranar yanke kyalle.

Gini ne ake gani, shi ya sa magana ke tsayawa a kansa. Amma yau rabin ƙofofin hukuma ba na katako ba ne, na'ura ce. Lambar BVN da bankuna suka fara a 2014, da lambar NIN, da rajistar layin waya, duk an gina su a kan zanen yatsa. Mutumin da kuturta ta cinye wa yatsu, ko wanda ya rasa hannu a haɗari, yakan tsaya gaban ma'aikacin da bai san wane maɓalli zai danna ba, ko da akwai hanyar keɓewa a cikin manhajar, don ba a koya masa ba. Zaɓe ya ba mu misali mai kyau na bambancin da zaɓin na'ura ke yi. Na'urar tantance kati ta 2015 yatsa kaɗai take karantawa, in ta ƙi sai a koma cike fom. Na'urar BVAS, wadda INEC ta fara amfani da ita a 2021, tana tantancewa da yatsa ko da fuska. Wannan “ko” ɗin ya buɗe hanya ga marar yatsu, ya kuma taimaki manomi da tsohuwa mai surfe waɗanda aiki ya goge musu zanen hannu. Haka abin yake zuwa kusan kullum: gyaran da aka yi don ƙalilan, jama'a da dama ke cin moriyarsa. Gangaren da aka yi don gurgu shi mai ciki da tsoho da mai tura gadon marar lafiya ke bi.

JAMB ta bi doguwar hanya kafin ta iso wurin. Da ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, makafi suka shiga tsaka mai wuya, don allon da ba ya magana ba shi da amfani a gare su. A 2017 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya kafa wani kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a zaɓaɓɓun cibiyoyi, har da Kano. Ana karanta musu tambayoyi, su amsa da rubutun makafi ko tafireta ko kwamfuta, hukumar kuma ta ɗauki nauyin sufuri da masaukinsu da na 'yan jagoransu. Abin da ya sa wannan ya ɗore ba kirkin mutum ɗaya ba ne kawai. Yana da shugaba da aka sani, yana da kuɗi a kasafi, yana da ranarsa a jadawalin shekara, kuma fom ɗin rajista na tambayar ɗalibi irin nakasarsa tun farko. Abu huɗun nan su ne bambancin tsari da alfarma. Duk da haka, gyara ne da ya zo bayan an riga an gina tsarin ba tare da su ba, kuma ɗalibin da ya ci zai tarar da jami'ar da ke manna jadawalin lacca a jikin allo.

Batun sanarwa ma haka yake. Ofis zai buga takarda, a sa hannu, a buga hatimi, wani ya ɗauke ta hoto da waya ya tura a WhatsApp. Makaho mai wayar zamani yana da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, amma hoton takarda a wurinta ba rubutu ba ne, sai dai ya nemi wata dabara ko ya jira ɗansa ya dawo daga makaranta. Da sakataren ya kwafo rubutun ya liƙa a ƙarƙashin hoton, an gama, ko kwabo ba a kashe ba. Kurma kuma akasin haka: sanarwar rediyo da saƙon murya da kiran suna da baki a layin asibiti duk sun wuce shi. Yana zaune za a kira sunansa sau uku a tsallake. Dokar ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman ga irin waɗannan marasa lafiya, amma ko an ɗauki tafinta akwai sauran rina a kaba. Yaren hannun da ake koyarwa a makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano ya samo asali ne daga na Amurka, wanda Andrew Foster, wani malami kurma Ba'amurke, ya kawo Najeriya wajen 1960. Kurman da bai shiga makaranta ba kuwa maganar hannu ta Hausa yake yi, wadda ta girmi makarantun. Asibitin da ya ɗauko tafinta mai takardar shaida daga nesa yana iya tarar da cewa shi da mai naƙudar da ke gabansa ba sa fahimtar juna.

Ta yaya ake sa ma'aikata ta riƙa tuna waɗannan ba tare da wani ya zo yana roƙo ba? Amurka ta samo wata hanya da ta fi wa'azi tasiri. A 1998 ta ƙarfafa wani sashe na dokarta, sashe na 508, wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya cewa kayan fasahar sadarwar da za su saya ko su ƙera su zama masu nakasa na iya amfani da su. Kamfanin da ke son kwangilar gwamnati ya san sharaɗin tun kafin ya fara ƙira. Tarayyar Turai ta bi da tata dokar, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2025, ta shafi na'urorin ATM da harkar banki da ciniki ta intanet. Mu ma muna da inda za a ɗaura irin wannan igiyar. Gwamnati ce babbar mai saye a ƙasar nan. TETFund na biyan kuɗin gine-ginen manyan makarantu, UBEC na biyan na azuzuwan firamare, hukumar BPP ke tsara takardun neman kwangila. Ɗan kwangila ba ya gina abin da ba ya cikin takardar ƙiyasin aiki, kuma ba ya barin abin da in ya bari ba za a biya shi ba. Sakin layi ɗaya a waɗannan takardun, da injiniyan da zai zo da tef ya auna kafin a sa hannu a biya kuɗin ƙarshe, sun fi taron wayar da kai ɗari.

Sai ɗaukar aiki. Dokar ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsu ga masu nakasa. Inda aka yi ƙoƙarin cikawa, sau da yawa ana cikawa ne da ruhin sadaka: a ba mutum takardar kama aiki, a ce masa, “Malam, ba sai ka wahalar da kanka kana zuwa kullum ba, albashinka zai riƙa shiga.” Mai faɗin haka yana ganin alheri ya yi. Amma ya yanke wa mutumin ƙarin girma da horo da ƙwarewa, ya kuma hana ofishin koyon abin da zai koya da a ce yana zaune a cikinsu. Ofishin da ke da makaho a teburin akawu ba ya daɗewa yana tura sanarwa a hoto. Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ladani ne a Madina, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a matsayin wakili a garin idan zai fita. Muƙami aka ba shi mai nauyi a kansa.

Kafin a kai ga takardar kama aikin ma akwai shingaye: shafin neman aiki da manhajar makafi ba ta iya bi, jarrabawar gwaji mai ƙayyadadden lokaci ba tare da ƙarin minti ga mai rubutu a hankali ba, ganawa a bene, da takardar shaidar lafiya da wasu likitoci ke fassarawa da cewa sai mai gaɓoɓi cikakku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, Nijar kuma tun 2008, ta ɗauki ƙin yi wa mutum gyaran da bai fi ƙarfin ma'aikata ba a matsayin wariya. Gyaran kan zama ƙarami: sauko da tebur ƙasa, sayen manhaja, sauya lokacin shigowa. Amma in babu layinsa a kasafi, shugaban sashe zai cire daga kuɗin man janaretansa ne, don haka sai ya gwammace kada a turo masa mutumin tun farko. Ma'aikatun da suka gane wannan sukan ajiye kuɗin a asusu ɗaya a hedikwata, don kada ɗaukar mai nakasa ya zama asara ga wani sashe.

Akwai hujjar da ake kawowa wadda ba za a yi watsi da ita ba. Sakatariyoyinmu tsofaffi ne, da yawa an gina su tun shekarun 1970 da 1980. Na'urar hawa bene tana da tsada, tana son wuta, kuma wadda ta lalace ta fi babu ban haushi. Gaskiya ne. Sai dai ba kowane gyara ne na siminti ba. In ba za a iya kai mutum sama ba, a sauko da aikin ƙasa. Me ya sa ofishin fansho, inda tsofaffi da marasa lafiya ke zuwa tantancewa, zai kasance a hawa na biyu, ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli kuma a ƙasa kusa da ƙofa? Wannan rabon ɗakuna ne, babban sakatare na iya sauya shi da takarda ɗaya.

Wani abin da ke ba shugabanni natsuwar ƙarya shi ne rashin ƙidaya. Za ka ji manaja na cewa, “Ai mu ba su cika zuwa nan ba.” To ta ina za su zo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum 1 cikin 6 a duniya na rayuwa da nakasa mai tasiri. A rajistar zaɓen 2023 kuwa, cikin masu zaɓe sama da miliyan 93, INEC ta nuna 85,362 ne masu nakasa, wato bai kai 1 cikin 1,000 ba. Adadin yana nuna yadda aka yi tambayar ne da lokacin da aka fara yin ta, ba yawan mutanen ba. Illarsa kuma a fili take. INEC ta tanadi faifan rubutun makafi da ake zura takardar ƙuri'a a ciki, da gilashin ƙara girman rubutu don zabiya da masu raunin gani, amma rabon kayan na bin bayanan da ke hannu ne, shi ya sa masu sa ido suka riƙa ba da rahoton rumfunan da mai buƙata ya zo kayan ba su zo ba.

Hukunci fa? A watan Maris na 2024 hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ta rufe wani shagon KFC a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas bayan an hana wani mai keken guragu shiga. Matakin ya yi daidai, kuma ya zo da sauri. Amma wanda abin ya faru da shi ɗan wani tsohon gwamna ne, kuma maganar ta karaɗe intanet. Mai rarrafe da aka bari a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma ba shi da wannan amon. Hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020 da James Lalu a matsayin sakatarenta na farko, kuma Ayuba Gufwan ya gaje shi a 2024, ita ke da alhakin bin kadin dokar. Sai dai hukuma ɗaya a Abuja ba za ta iya auna gangaren kowane asibiti a ƙananan hukumomi 774 ba, kuma izinin gini a jihohi ba a hannunta yake ba. Jihohi da dama, ciki har da Filato da Legas da Kano da Jigawa da Kaduna, sun yi nasu dokokin. Amma zanen sabon kanti ko makaranta ko asibiti mai zaman kansa a Kano ta teburin hukumar tsara birane ta jihar, KNUPDA, yake bi, a Kaduna ta na takwararta KASUPDA. Jami'in da ke riƙe da hatimi a can yana da jerin abubuwan da yake dubawa: tazarar gini daga titi, magudanar ruwa, wurin ajiye motoci, ƙarfin ginshiƙi. Ƙungiyoyin masu nakasa da ke kai ziyarar neman tallafi gidajen gwamnati za su fi cin riba in suka nemi a ba su wannan jerin su gani, su tabbatar faɗin ƙofa da tsawon gangare da banɗaki suna ciki, sannan su nemi kujera a kwamitin da ke duba zanen kafin a buga masa hatimi.